Yafe wa Gidan Zama Haraji: Wa Ke Samun Sauƙi, Wa Ke Cike Giɓin?

Gabatarwa

A shekara ta 2018 Nijar da Faransa sun ɗauki matakai masu saɓa wa juna a kan haraji mai suna ɗaya. A Nijar, dokar kasafin kuɗi ta wannan shekara ta shigo da harajin mazauni, wanda aka ɗaura a kan ma'aunin wutar lantarki na gidaje, kuma yana cikin matakan da suka sa ƙungiyoyin farar hula suka yi ta zanga-zanga a Yamai da wasu manyan garuruwa tun daga watan Oktoba na 2017. A Faransa kuwa, inda aka aro sunan harajin, a shekarar ce gwamnatin Emmanuel Macron ta fara janye shi daga gidajen da mutane ke zaune ciki, har ta kammala a 2023. A Amurka ma zancen bai kwanta ba. A watan Nuwamba na 2025 masu zaɓe a jihar Tekzas sun amince a ɗaga kason da ake yafe wa gidan zama daga harajin makarantu, daga dalar Amurka 100,000 zuwa 140,000. A wannan shekara kuma gwamnan jihar Fulorida, Ron DeSantis, ya yi kira da a soke harajin gidan zama baki ɗaya.

Babu maganar haraji da ta fi wannan daɗin ji ga mai gida. Sai dai kuɗin da aka yafe ba ya ɓacewa: ko dai wani ya biya shi, ko kuma aikin da ake yi da shi ya tsaya. Wannan sharhi zai duba yadda jihar Fulorida ta tafiyar da wannan tsari cikin shekaru 90, ya kwatanta da abin da ya faru a Italiya da Faransa, domin nuna cewa siffar yafiyar ce ke yanke hukunci a kan ko talaka za ta kare ko mai hali. A duk inda aka ce dala a nan, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Dalilin keɓe gidan zama

Harajin gida haraji ne da mai gini ko mai fili ke biya kowace shekara gwargwadon ƙimar da hukuma ta yanka wa dukiyarsa. A ƙasashe da yawa shi ne ginshiƙin kuɗin shigar ƙananan hukumomi, domin gida ba ya gudu kuma ba ya ɓoyuwa, saɓanin ribar ciniki da mutum kan iya rufewa. Akwai kuma hujjar adalci a cikinsa: idan aka shimfiɗa titi, aka ja famfo, aka gina magudanar ruwa a unguwa, darajar gidajen unguwar ce ke tashi, saboda haka masu gidajen sun cancanci su sa hannu a aikin.

Masu neman a keɓe gidan zama suna da tasu hujjar, kuma mai ƙarfi ce. Gidan haya yana kawo kuɗi duk wata, shago ma haka, amma ɗakin da mutum ke kwana ciki ba ya kawo masa ko tamma. Tsohuwar da ta gaji gida a tsakiyar gari, inda farashin fili ya ninka sau da yawa, a takarda mai dukiya ce, alhali abincin rana yana iya gagarar ta. In aka yanka mata haraji bisa farashin kasuwa, ƙarshenta sayar da gidan. Daga wannan tsoro ne tsarin yafiya ya samo asali a kusan ko'ina.

Yadda Fulorida ta fara

A farkon shekarun 1930, lokacin babban karayar tattalin arzikin duniya, magidanta da yawa a Fulorida sun kasa biyan harajin gidajensu, gidajen suka shiga haɗarin gwanjo. A 1934 jama'ar jihar suka kaɗa ƙuri'ar gyara kundin tsarin mulkinsu, aka yafe haraji a kan dala 5,000 na farko na ƙimar gidan zama. A farashin wancan zamani wannan adadi ya rufe ƙimar ƙananan gidaje masu yawa gaba ɗaya. A farkon shekarun 1980 aka ɗaga shi zuwa dala 25,000. A watan Janairu na 2008 aka ƙara wasu dala 25,000, waɗanda ke aiki a kan ƙimar da ke tsakanin dala 50,000 da 75,000, amma ba su taɓa kason harajin da ke zuwa makarantu ba. A watan Nuwamba na 2024 masu zaɓe suka amince wannan kaso na biyu ya riƙa ƙaruwa kowace shekara tare da hauhawar farashi.

Lamarin yana da nauyi a Fulorida fiye da wasu jihohi, domin kundin tsarin mulkinta ya hana karɓar haraji a kan albashi da kuɗin shigar ɗaiɗaikun mutane. Gundumominta 67, da biranenta, da hukumomin makarantunta, sun dogara ƙwarai da harajin gidaje da filaye wajen biyan malamai, da ƴan sanda, da ƴan kwana-kwana, da gyaran tituna.

Yafiyar ba ta zuwa da kanta. Sai mutum ya kasance ya mallaki gidan, kuma shi ne mazauninsa na dindindin a ranar 1 ga Janairu, sannan ya kai takardar nema ofishin jami'in ƙiyasta dukiya na gundumarsa kafin 1 ga Maris. Akwai ƙarin sassauci ga wasu rukunoni: waɗanda aka mutu aka bar su, da naƙasassu, da tsofaffin da suka kai shekara 65 masu ƙaramin ƙarfi a gundumomin da suka zaɓi yin haka. Tsohon sojan da ya naƙasa gaba ɗaya a bakin aiki ana yafe masa duka.

Lissafin rangwame mai iyaka

Domin a ga yadda wannan tsari ke aiki, mu ɗauki misali na ƙiyasi. A ce haraji a wata gunduma dala 20 ne a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar gida, 6 na makarantu, 14 na sauran hukumomi. Dala 25,000 na farko za su rage wa mai gida dala 500. Na biyun, da yake ba su shafi makarantu ba, za su rage masa dala 350. Jimilla dala 850 ke nan a shekara.

Mai ƙaramin gida na dala 100,000, wanda da zai biya 2,000, yanzu 1,150 zai biya, wato an ɗauke masa fiye da kashi 40 cikin 100. Mai katafaren gida na dala miliyan 1, wanda da zai biya 20,000, zai biya 19,150, wato abin da aka rage masa bai wuce kashi 4 da ɗoriya cikin 100 ba. Kuɗin da aka yafe wa su biyun ɗaya ne, amma ga mai ƙaramin gida ne ya yi tasiri. Wannan ita ce fa'idar rangwame mai iyaka: yana sauke nauyi daga ƙasa, ya bar na sama yana biyan kusan abin da ya kamace shi, kuma hukuma tana iya sanin abin da za ta rasa tun kafin shekara ta kama, ta hanyar ƙidaya gidajen da suka cancanta.

Da a ce yafiyar cikakkiya ce, lissafin zai juye. Mai ƙaramin gida zai tsira da dala 2,000, mai babban gida da 20,000. Hukuma ta ba mai hali kyautar da ta ninka ta talaka sau 10, alhali da sunan talaka aka yi dokar.

Linzamin da aka sa wa ƙima

Abin da ya fi canza fasalin harajin Fulorida shi ne gyaran kundin tsarin mulki na 1992, wanda aka yi wa laƙabi da «A Ceci Gidajenmu», ya fara aiki a 1995. Gyaran ya ce ƙimar da ake yanka wa gidan zama haraji a kai ba za ta ƙaru da fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara ba, ko gwargwadon hauhawar farashi idan bai kai haka ba, komin tashin da farashin gidan ya yi a kasuwa. Idan gidan ya canza hannu kuwa, sai ƙimar ta koma daidai da kasuwa ga sabon mai shi.

Niyyar a bayyane take: kada tsofaffin mazauna su rasa gidajensu saboda baƙi masu kuɗi sun tayar da farashin unguwa. An kuma cim ma wannan niyya. Amma mu koma ga lissafi. A ce mutum ya sayi gida dala 200,000, bayan shekara 10 farashinsa a kasuwa ya zama 400,000. Ko da an ƙara masa kashi 3 cikakku kowace shekara, ƙimar harajinsa ba za ta wuce kimanin dala 269,000 ba. Maƙwabcinsa da ya sayi gida irinsa sak a bana, a kan 400,000 za a yanka masa. Bambancin dala 131,000 ne, wanda a ma'aunin misalinmu ya kai fiye da dala 2,600 a shekara, tsakanin gidaje biyu da ke kan titi ɗaya, ƴaƴansu na zuwa makaranta ɗaya. Idan gidan na dala miliyan 1 ne ya ninka haka, abin da tsohon mai shi ke tsira da shi ya haura dala 13,000 a shekara. Ke nan linzamin ya fi amfanar wanda ya daɗe da mallaka da wanda gidansa ya fi tsada, nauyin kuma ya faɗa kan matasan da ke sayen gidansu na farko.

Wata matsala ta biyu ta bayyana a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabo a jihar. Mutane suka riƙa jin tsoron ƙaura, domin tsohon da ƴaƴansa suka watse, ya so komawa ƙaramin gida, yana iya tarar da harajin ƙaramin ya fi na babban da ya bari. Gyaran 2008 ya yi ƙoƙarin magance wannan, ya ba mai gida damar tafiya da sauƙin da ya tara, har zuwa dala 500,000 na ƙima, zuwa sabon gidansa a cikin jihar. An warware matsalar ƙaura, amma an ƙara tabbatar da fifikon tsohon mai gida a kan sabo, tun da yanzu fifikon yana bin mutum duk inda ya je. A gyaran ne kuma aka sa wa gidajen haya da wuraren kasuwanci nasu linzamin na kashi 10 cikin 100 a shekara, banda harajin makarantu, domin masu su sun koka cewa a kansu kayan ke sauka. Kowane sassauci sai ya haifi kukan wanda aka bari a baya, kukan kuma ya haifi sabon sassauci.

Ɗan haya, wanda ba a ambata ba

Kusan kashi ɗaya cikin uku na magidantan Fulorida ƴan haya ne, kuma a dunƙule sun fi masu gidaje ƙarancin ƙarfi. Gidan da suke zaune ciki ba ya samun rangwamen gidan zama, ba ya kuma samun linzamin kashi 3. Takardar haraji da sunan mai gidan take zuwa, amma a garin da gidaje suka yi ƙaranci, mai gida yakan tura wani kaso na harajin cikin kuɗin haya. Ta haka ɗan haya ke biyan harajin gida ba tare da ya taɓa ganin takardarsa ba, kuma a ma'auni mafi tsada. Wasu jihohi, kamar Minesota da Mishigan, sun lura da wannan, suka ɗaura sassaucinsu a kan kuɗin shigar iyali, suna mayar wa masu ƙaramin ƙarfi wani abu ko masu gida ne ko ƴan haya.

Wannan tambaya ce ta taso a Fulorida game da kiran soke harajin gidan zama. Shawarwarin da majalisar wakilan jihar ta fitar a ƙarshen 2025 sun bar harajin makarantu a gefe, abin da ke nuna cewa ko masu goyon bayan sassaucin sun san akwai giɓin da ba ya cikuwa da sauƙi. Kowane gyaran kundin tsarin mulkin jihar kuma sai ya samu kashi 60 cikin 100 na ƙuri'u. Idan aka ɗauke gidajen zama daga lissafi, hanyoyin da suka rage su ne a ƙara wa gidajen haya da shaguna, ko a ƙara harajin sayayya wanda ya fi cin talaka, ko a rage ayyuka.

Italiya da Faransa: idan aka yafe duka

Ƙasashe biyu na Turai sun riga sun taka wannan hanya. A Italiya, gwamnatin Silvio Berlusconi ta soke harajin ƙananan hukumomi, wanda ake kira ICI, a kan gidan zama a 2008, ta ɗauki alkawarin biyan garuruwa abin da suka rasa daga baitulmalin ƙasa. Da rikicin bashi ya taso a ƙarshen 2011, gwamnatin Mario Monti ta maido da shi da sunan IMU daga 2012, a ma'aunin kashi 0.4 cikin 100, tare da rangwamen yuro 200 ga kowane gida. A 2013 aka sake janye shi. A 2014 wani haraji na ayyukan gari, mai suna TASI, ya hau kan gidajen zama, a 2016 shi ma aka ɗauke shi, aka bar gidajen alfarma kaɗai suna biya. Cikin shekara 8 dokar ta juya sau da yawa, kowane juyi yana bin zaɓe ko matsin tattalin arziki. Magajin garin da ke son tsara aikin shekara biyar ba ya iya sanin kuɗin da zai shigo masa baɗi.

A Faransa harajin mazauni ya bambanta kaɗan, domin wanda ke zaune a gidan ne ke biyansa, mai gida ne ko ɗan haya. An janye shi mataki-mataki: kashi 80 cikin 100 na magidanta sun samu ragin kashi 30 a 2018, kashi 65 a 2019, suka daina biya a 2020, sauran kuma suka bi sahu tsakanin 2021 da 2023. Magidanta mafi talauci ba su ƙaru da wani abu mai yawa ba, domin tun da ma an yafe wa da yawa daga cikinsu. Don cike giɓin, daga 2021 aka miƙa wa garuruwa kason harajin gine-gine da a da ke zuwa ga hukumomin larduna, su kuma aka ba su wani kaso na harajin TVA. Ma'ana, wani ɓangare na kuɗin da mazauna ke biya wa garinsu kai tsaye ya koma ana karɓarsa daga kowane mai sayayya a faɗin ƙasa.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, harajin gine-gine, wanda masu gida ke biya, ya zama babbar igiyar da ta rage a hannun magadan gari. A 2023 birnin Paris ya ɗaga ma'auninsa daga kashi 13.5 zuwa 20.5 cikin 100, a shekarar da aka ƙara ƙimar gidaje da kashi 7.1 a duk ƙasar saboda hauhawar farashi. Mai gidan da ya yi murna da janye haraji ɗaya sai ya tarar da ɗayan ya ƙaru. Na biyu, magadan gari da dama sun koka cewa an yanke igiyar da ta haɗa mazaunin gari da ma'aikatar magajin gari. Wanda ya biya da hannunsa shi ke da bakin tambayar inda kuɗin ya shiga, kuma hukumar da ke jiran kasonta daga babban birni ta fi sauraron babban birni a kan talakawanta.

Wane gida ne gidan zama?

Duk inda aka fifita gidan zama, sai an sha fama wajen tantance shi, domin kowa na son gidansa ya shiga sahun. A Fulorida, wanda aka kama ya ci yafiyar ba bisa ƙa'ida ba ana iya bin sa harajin shekaru 10 na baya, da tarar kashi 50 cikin 100, da ƙarin kashi 15 a kan kowace shekara. Wanda ya ba da gidansa haya kuma yana iya rasa matsayin. A Faransa, sai da hukumar haraji ta tilasta wa duk masu gidaje a 2023 su bayyana wanda ke zaune a kowane gida nasu, domin gida na biyu har yanzu yana biyan harajin mazauni, a wasu garuruwa ma da ƙarin da zai iya kaiwa kashi 60 cikin 100. A Italiya kuwa gardamar miji da mata masu zaune a gidaje daban-daban ta kai har kotun tsarin mulki, wadda ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2022 cewa kowannensu na iya samun yafiya a gidan da yake zaune da gaske.

Waɗannan ƙasashe suna da rajistar gidaje, duk da haka abin ya ba su wuya. A garuruwanmu tambayar ta fi sarƙaƙiya. Magidancin da ya ajiye matansa a gidaje biyu ko uku, wanne ne gidan zamansa? Gidan gado da ba a raba ba, wanda magada goma ke da haƙƙi a ciki amma biyu ne ke zaune, da sunan wa za a yafe? Gidan da mai shi ke zaune a ciki, ya fitar da shaguna uku a bakin titi, ya zuba ƴan haya a ɗakunan baya, gidan zama ne ko na kasuwanci? Haka kuma ma'aikacin da aka tura aiki Diffa ko Agadas ya bar iyalinsa a Maraɗi, da ɗan ci-rani da ke Kwatano ko Abijan yana aiko da kuɗin cefane. Dokar da ba ta amsa waɗannan tambayoyi a rubuce ba ta bar amsar a hannun ma'aikacin da ya zo ƙofar gida, kuma nan ne son kai da cin hanci ke samun ƙofa.

Abin da ya shafi garuruwanmu

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yuli na 2004, wanda ya kafa majalisun komin 265 a Nijar, aka ɗora wa garuruwa nauyin ayyuka masu yawa: kwashe shara, gyaran magudanun ruwa, kula da kasuwanni da tashoshi, raba filaye. A watan Afrilu na 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun, aka naɗa masu riƙon ƙwarya, amma ayyukan suna nan, buƙatar kuɗinsu ma tana nan. Ambaliyar damina ta 2024, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, ta nuna abin da rashin magudanan ruwa ke jawowa, kuma gidajen ƙasa na masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi rushewa.

Mu sake ɗaukar misali na ƙiyasi. Unguwa mai gidaje 1,000 masu daraja ɗaya tana buƙatar sefa miliyan 10 a shekara don shara da magudanai. In kowa ya biya, jika 10 ne a kan kowane gida. In aka yafe wa gidaje 600 da masu su ke zaune ciki, sauran 400, na haya da shaguna, sai kowanne ya biya jika 25 kafin a tara kuɗin. Ɗan hayan da ya zo daga ƙauye neman abinci, da mai ɗan tebur a shagon haya, su za su ɗauki kayan, alhali motar shara ta kowa ce. In kuma ba a ƙara musu ba, miliyan 4 kaɗai za a tara, aikin ya tsaya bai kai rabi ba.

Daga abin da ya gabata, ga wasu ma'aunai da jami'an ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin unguwanni, da ƴan jarida za su iya auna kowace shawarar yafiya da su:

1. Yafiyar ta kasance mai iyaka. A keɓe wani adadi na ƙima, ko wani girman fili, ko ginin ƙasa mara siminti, abin da ya haura a biya a kansa. Da haka tsohuwa mai gidan gado ta tsira, mai benen hawa uku kuma ya sa hannu.

2. A guji daskarar da ƙima. Darasin Fulorida shi ne bambancin da aka ƙyale ya taru shekara da shekaru ba ya gyaruwa, domin waɗanda suka amfana ba za su yarda a taɓa shi ba. Faransa ma har yanzu ƙimar gidajen zamanta tana kan ƙiyasin 1970. Gara ma'auni ƙarami a kan ƙimar da ake sabuntawa.

3. A tuna da ɗan haya. Duk sassaucin da sharaɗinsa mallaka ce ya tsallake wanda bai mallaki komi ba.

4. A rubuta ma'anar gidan zama dalla-dalla, da harsunan da jama'a ke ji, tare da hukuncin gidan gado, da gida mai shaguna, da mai gida fiye da ɗaya.

5. A faɗi tun farko wanda zai cike giɓin. Idan gwamnatin tsakiya ce ta yafe harajin da garuruwa ke da kaso a ciki, a san nawa za ta mayar musu da kuma lokacin da za ta biya.

Ga mai gida kuwa, tun da dokar kasafin kuɗi kan sauya ƙa'idojin lampo daga shekara zuwa shekara, abin da ya fi shi ne ya je ofishin haraji mafi kusa da takardun filinsa, ya tambayi matsayin gidansa, ya bayyana ɓangaren da yake zaune da wanda ya ba da haya, kuma kada ya biya komi ba tare da an ba shi rasiɗi ba.

Kammalawa

Kare mutum daga rasa ɗakin kwanansa saboda haraji manufa ce da babu mai jayayya da ita, kuma dala 5,000 da Fulorida ta yafe a 1934 sun yi wannan aiki. Matsalar ta taso ne lokacin da kariyar ta tashi daga kan mai rauni ta koma kan duk mai gida, komin girman gidansa. Abin da zanga-zangar 2017 da 2018 ta nuna a Nijar kuma shi ne jama'a ba sa karɓar sabon haraji a kan gida idan ba su ga abin da aka yi da na baya ba. Saboda haka hukumar da ke son a biya, ko take son ta yafe, wajibi ne ta riƙa bayyana wa jama'a kowace shekara, a allon ma'aikatar magajin gari da gidajen rediyon gari, nawa aka tara, nawa aka yafe, su wa aka yafe wa, da aikin da aka yi da abin da ya shigo.